Mijina ya yi shekara uku bai waiwaye ni ba, shin aurena ya mutu da kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a gidan iyayena a Tudun Wadar Zariya da yara biyu. Mijina ya tafi Legas neman kuɗi yau shekara uku, ba aike, yanzu ko wayata ba ya ɗagawa. Ƙanwarsa ta ce ya yi wani aure a can. Ni dai bai sake ni ba. Wani mutumin kirki ya fito yana so na, kuma wani malamin unguwarmu ya ce wa Baba tunda miji ya wuce wata huɗu bai kusance ni ba, aure ya mutu da kansa. Har an sa rana bayan sallah, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Sannan Malam, a yi mini afuwa: don me shi ya ƙara aure ba wanda ya ce masa uffan, ni kuwa an bar ni ba aure ba saki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A ɗage ranar nan tun yau. Har yanzu ke matar wancan mutumin ce, kuma duk auren da aka ɗaura miki a wannan hali aure ne a kan aure, ɓatacce ne tun daga tushe. Aya ta 24 a Suratun Nisa'i ta sanya matan da ke da igiyar aure cikin waɗanda aka haramta aurensu, ba ta kuma ware wadda mijinta ya yi nisa ba.

Wannan magana ta "aure ya mutu da kansa" ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, kuma kowa da nasa lissafin: wani ya ce wata huɗu, wani wata shida, wani ya ce damina biyu. Igiyar aure tana warwarewa ne da sakin miji, ko hul'i, wato mace ta fanshi kanta, ko hukuncin alƙali, ko mutuwa, ko ridda. Daɗewa ba ta cikinsu. Ko shekara ashirin ya yi bai leƙo ba, kalanda ba ta sakin mace.

Wata huɗun da malaminku ya kawo ya tsinto shi ne daga aya ta 226 a Suratul Baƙara, wadda ke magana kan mijin da ya yi rantsuwa ba zai kusanci matarsa ba. Mijinki rantsuwa ya yi? Tafiya ya yi. Kuma ko mai rantsuwar, a mazhabarmu ta Malikiyya saki ba ya aukuwa don wa'adi ya cika. Alƙali ne zai tsayar da shi ya ce ko ka koma wa matarka ko ka sake ta. To inda nassi ya ambaci wata huɗun ma sai an je gaban alƙali, ina ga inda bai ambata ba?

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ɗaura irin wannan aure. A shimfiɗa tabarma a zaure bayan sallar asuba, a ajiye goro da alawa, waliyyi da wakili su zauna, mai ɗaurin aure ya tambayi sadaki nawa ne, lakadan ko ajalan, amma bakinsa ba zai buɗe ya ce "ina takardar sakinta, yaushe ta gama idda?" ba. Minti biyar an shafa fatiha, an miƙa masa ɗan abin goro, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ranar da mijin farko zai diro daga motar Legas ya shigar da ƙara, ba za ki ga malamin nan a kotu ba. Ke za a kira, da mahaifinki, da sabon mijin. Idan kuma an sami ciki, nasabar yaron ta zama abin shari'a, gadonsa ma haka. Wasu kuma su fake da cewa malamanmu sun ce jama'ar Musulmi na iya tsayawa a madadin alƙali. Sun ce, amma a inda babu alƙali ko ba a iya kaiwa gare shi. Zariya ba ta rasa kotunan shari'a ba, kuma uku da suka haɗu a dakali ba su ne jama'ar Musulmin da ake nufi ba.

Akwai waɗanda za su tsorata ki ta ɗaya gefen, su ce sai kin jira shekara huɗu. Wannan hukuncin matar wanda ya ɓace ne, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce alƙali ya yanka masa shekara huɗu bayan an kai ƙara an gama cigiya, sannan matar ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Naki mijin an san garin da yake, har an san ya yi amarya. Hanyarki ta fi wannan gajarta nesa ba kusa ba.

Ki je kotun shari'a mafi kusa da ke tare da Baba, ki nemi a raba auren saboda rashin ciyarwa da cutarwar ƙaurace miki. Ki tafi da shaidu biyu da suka san an ɗaura auren, suka san lokacin da ya tafi, suka kuma san bai bar miki abin ci ba. Za a aika masa sammaci ko a kira danginsa, a ba shi zaɓi: ya dawo, ko ya ɗauke ki zuwa inda yake, ko ya sake ki. In ya ƙi, alƙali ya ba shi wa'adi, ya rantsar da ke, ya yanke saki a madadinsa. Daga ranar hukunci idda za ta fara, tsarki uku, ko da kuwa rabonki da shi shekara uku. Kada wani ya ce miki ai kin riga kin yi idda a zaune. Wanda ya auri mace cikin idda har ya tare da ita, a wurin Malikiyya ta haramta gare shi har abada. Na san za a iya wahalar da ke da ɗage zama, yau an ce ba a kai sammaci ba, gobe an ce fayil bai fito ba. Ki daure, ki riƙe rasit ɗin duk abin da kika biya, kuma idan abin ya fi ƙarfinki ki nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko ofishin Legal Aid, suna taimaka wa marasa hali.

Tambayarki ta biyu ba ta buƙatar neman afuwa. In ana maganar me ya sa shi zai ƙara aure ke ba za ki ƙara ba, mace ta haɗa miji fiye da ɗaya abu ne da duniya ta sani. A yankin Tibet da wasu sassan Nefal 'yan'uwa maza kan auri mace guda don kada gonar gado ta rarrabu. A nan kusa, Irigwe na Filato sun yi al'adar da mace kan riƙe aure fiye da ɗaya tana zama da miji guda a lokaci guda. Nana A'isha ma ta ba da labari, a Sahihul Buhari, cewa a jahiliyya maza ƙasa da goma kan tarayya a kan mace ɗaya, in ta haihu ta nuna wanda ta ga dama ta ce ɗansa ne. Musulunci ya rushe wannan, ya ɗora ciyarwa da nasaba a wuyan namiji guda sananne. Wanda kuma ya yi auren rajista, doka ta hana ƙarin aure ga mijin da matar baki ɗaya.

Sai dai inda kike jin ciwo, da gaskiyarki. Ayar da ta ba namiji damar auren huɗu, aya ta 3 a Nisa'i, ita ce ta ce in kun ji tsoron rashin adalci to ɗaya. Aya ta 129 kuma ta hana a bar mace a rataye, ba mai aure ba, ba sakakkiya ba, wato daidai halin da kike ciki. Mu maza mun haddace rabin farko na ayar auren huɗu mun manta sauran. Mutum ya kasa aiko wa 'ya'yansa mudun masara, ya je ya haɗa lefe, a taru a ci shinkafa a yi masa Allah ya sanya alheri, babu wanda zai ce ina ta gida? Da ke ce kika yi kwana uku ba a san inda kike ba, da unguwa ta ɗauka. Wannan bambanci mutane ne suka ƙirƙiro shi, shari'a kuwa ta ba ki ikon ƙarar sa, har ki nemi bashin ciyarwar da ya tauye muku muddin yana da hali a lokacin.

Shi kuma mai son naki, a gaya masa ya janye, ba zance, ba toshi, ba kiran waya, har sai takardar kotu ta fito kin gama idda. Neman matar da ke da aure haramun ne, kuma idan mijinki ya ji labari zai iya cewa hure miki kunne aka yi, ya dagula miki shari'ar. Kayan sa rana da aka karɓa a mayar, in lokaci ya yi ya sake kawowa. Ki nuna wa Baba wannan amsa, in bai gamsu ba ya je ya tambayi kowane alƙalin shari'a kafin a buga katin gayyata. Wallahu a'alam.