Hazon nan ba masu gawayi suka kawo shi ba

Assalamu alaikum jama'a. To Yaya na saurari muryarka, wai hazon da ya rufe mu tun shekaranjiya sare itatuwa ne ya jawo shi, masu gawayi ne. A'a wallahi ba haka bane. Ni kun san ni, ba na son a taɓa bishiya ko ɗaya, amma hazon hunturu ba daga dajin Falgore yake tasowa ba, kakanninmu ma sun shaƙe shi tun daji yana daji.

Ka fita yanzu ka shafa yatsa a gilashin mota ka duba. Fari-fari ne, laushi, ba irin jar ƙasarmu ba. To wannan mafi yawansa daga Chadi yake, can arewa, wani kwari da ake kira Bodele, wajajen Faya-Largeau. Wurin nan da ruwa ne malale, tafkin Chadi na da can, wajen shekara 7,000 da suka wuce ya kai har can, da ya ƙafe sai ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani, suka bushe suka zama gari. Shine muke shaƙa. Kuma abin da ya sa wurin ya fi ko'ina tayar da ƙura, duwatsun Tibesti suna gefe ɗaya, na Ennedi suna ɗaya gefen, iska ta taso daga wajen Libiya ta matse tsakaninsu kamar yadda take yi a lungu tsakanin gidaje, sai ta fito da ƙarfi ta faɗa kan garin ɓawon nan ta kwashe shi. Da hantsi ma ta fi tsanani, don da dare iskar tana can sama, sai rana ta fito ƙasa ta ɗumi sannan ta sauko. Kwana ɗaya biyu ka ga hazon a Maiduguri, Damagaram, Kano, a dakatar da jirage a filin Malam Aminu Kano.

Me ya sa sai Disamba zuwa Fabrairu? Lokacin iska mai sanyi mai nauyi ta taru a saman Sahara, iskar teku mai ɗauko mana ruwa kuma ta ja da baya can kudu, babu mai tare ta. Har Legas take kaiwa, har ta tsallaka teku, NASA a 2015 sun ce wajen tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke sauka dajin Amazon duk shekara tana zama masa taki, to wannan dai wani zance ne.

Abin da ke ci min rai, wanda nake ta faɗa a nan tun bara ba a ji, shine bidiyon nan da ake ta turowa na jar ƙura ta tokare sama ta nufo Yamai, a rubuta wai hunturu ya shigo Nijar. Wane hunturu? Wannan ƙurar gaban hadari ce, ta bazara, Mayu Yuni, a Sudan suna ce mata habub. Hadari ne ya haɗu, iska mai sanyi ta zubo daga cikinsa ta doki busasshiyar ƙasa ta kwashi ƙura ta turo ta gaba, gari ya yi duhu da rana tsaka, awa ɗaya ma ba ta cika kaiwa ba ta wuce, wani sa'in ruwa ya biyo baya. Ita wannan, eh, nan maganarka Yaya tana da gaskiya, in fili ya zama fayau ba ciyawa ba itace ta fi samun abin kwasa. Amma hazo da zai zauna mana sati ba ɗigon ruwa, leɓe ya tsage, wannan na Bodele ne.

Don Allah a daina turo bidiyon nan. Kuma a ce wa Baba ya sa takunkumi in zai fita asuba, da asmar nan tasa, yaran ma a shafa musu mai a hanci.