Ragowar Kayan Lambu a Matsayin Abincin Awaki: Akwai Riba?

Tambaya: Ina da awaki 20. Wata masana'antar sarrafa kayan lambu za ta riƙa ba ni ragowar tumatir, ganyen kabeji da ɓawon karas kusan kyauta. In tsima su in adana, ko in ci gaba da sayen dusa?

Amsa: Malam, akwai riba, amma fara da lissafin ruwa. A kilo 100 na irin wannan ragowa, kusan kilo 90 ruwa ne, abincin kilo 10 ne kawai. Haɗa kuɗin mota da na lebura na kilo 100 ɗin, ka raba da goma, ka gwada da farashin kilon dusa. Idan masana'antar na da nisa, ruwa kake biya wa mota.

Ruwan nan ne kuma ke lalata tsimin. Sailej, wato abincin dabbobi da aka tsima a rufe ba iska, yana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, in ya wuce haka ruɓewa yake yi. Tsince leda da duk abin da ya taɓa ƙasa ko ya fara ruɓa, ka yayyanka sauran kamar tsawon gaɓar yatsa. Gauraya kilo 70 na ragowar da kilo 30 na busasshen abu, dusa da yankakkiyar ciyawa, ka yayyafa kilo 3 na molasis, wato ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an yi sukari. Dunƙula a hannu: in ruwa ya ɗiga, ƙara busasshe. A ranar da kaya suka iso za ka cika duron roba, kana zubawa kana dannewa sosai, ka rufe yadda iska ba za ta shiga ba. Bar shi aƙalla mako uku.

Mai kyau yana ƙamshin tsami-tsami. Wanda ya yi baƙi, ko yauƙi, ko ɗoyi, ko funfuna, zubar da shi, kada ka ji zafin asara. A irinsa ƙwayar cutar listeriya ke yaɗuwa, awaki kuwa ba sa jure mata: za ka ga akuya ta karkatar da kai tana kewaya wuri guda, masu ciki su yi ɓari. Akuya guda ta fi duron tsada.

Kula da abin da ke cikin ragowar: albasa da yawa tana rage wa dabba jini, kabeji ma kada ya rinjayi haɗin. Dankalin turawa da ya yi kore ko ya tsiro, cire shi.

Akuya mai kilo 30 tana cin kimanin kilo ɗaya na busasshen abinci a rana. Rabinsa ya isa ya fito daga sailej, wato kilo ɗaya da rabi a jiƙensa, sauran ciyawa ko harawa. Fara da cikin tafi, ka riƙa ƙarawa cikin kwana goma. Awakinka 20 za su ci kilo 30 kullum, don haka duro mai lita 200 zai ƙare cikin kwana huɗu ko biyar, kafin iska ta ɓata shi. Shi ya sa na fi son duro a kan babban rami. Gwada duro biyu tukuna kafin ka ƙulla yarjejeniya da masana'antar.