Amsa Kan Raguwar Ƙarkon Dawakin Tsere

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari tambayar da kuka ajiye, inda kuke son sanin dalilin da ya sa dawakin tsere na jinsin Thoroughbred ba sa fita fili akai-akai kamar na da, da kuma ko gaskiya ne irin ya lalace har ƙashinsu ya rasa ƙarko.

Raguwar dai babu tantama a cikinta. Alƙaluman Jockey Club ta Amurka, wadda ke riƙe da littafin asalin waɗannan dawaki a can, sun nuna cewa a 1960 doki guda yakan yi tsere sau 11 da ɗoriya a shekara, yanzu kuwa abin ya sauko zuwa wajen sau 6. Seabiscuit ya yi tsere 89 a rayuwarsa, 35 daga ciki yana ɗan shekara 2 kacal, alhali Justify, wanda ya lashe manyan tsere uku na Amurka da ake kira Triple Crown, wato Kentucky Derby da Preakness da Belmont, a 2018, sau 6 ya fita gaba ɗaya, haka ma Flightline da aka yi wa ritaya a 2022.

Sai dai ni a ganina, wannan ƙidaya aljihun mai doki take aunawa kafin ta auna ƙafar dokin. Bayan Flightline ya daina gudu, an sayar da kashi 2.5 cikin ɗari na mallakarsa a kan dala miliyan 4.6, aka kuma sa kuɗin barbararsa dala 200,000 a kan kowace goɗiya, ga shi ingarma mai tashe yakan hau goɗiyoyi fiye da ɗari a kaka ɗaya. Babu ladan tseren da zai kamo wannan, don haka duk fitar da aka ƙara masa caca ce da dukiya, ko ya karye ko a kayar da shi darajarsa ta faɗi. Abin ma ba sabo ba ne, domin tun a 1973 aka sayar da hannun jarin barbarar Secretariat a kan dala miliyan 6.08, shi ya sa ya bar fili yana ɗan shekara 3 bayan tsere 21. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta dawakin da ba su da wannan kasuwa. John Henry, da yake dandaƙaƙƙe ne, ya yi tsere 83, yana cin manyan kofuna har ya kai shekara 9. Kada a ce ai na da ne, ga Winx ta Ostareliya, goɗiyar da ta yi tsere 43, ta ci 33 na ƙarshe a jere, sai a 2019 ta huta. Goɗiya ɗa guda take haifa a shekara, saboda haka masu ita ba su da abin da zai sa su gaggauta janye ta.

Amma matsakaicin lissafin nan ya haɗa da dubban dawaki na gama-gari, kuma a nan salon masu horarwa ne ya canza. A da, tseren kansa shi ne atisaye, doki yana fita yana ƙara ƙarfi. Yanzu a gida ake shirya shi da gudun gwaji, a bar makonni huɗu ko shida tsakanin fita da fita, domin masu dawaki suna duba yawan nasarar mai horarwa cikin kowace fita ɗari kafin su ba shi amanar dabbarsu, shi kuwa ba zai fitar da dokin da bai sa ran zai ci ba. Akwai kuma Lasix, maganin da ake yi wa doki ranar tsere don rage zubar jini a huhu, wanda ke sa shi fitsari mai yawa har jikinsa ya zube, wasu kuma suna ganin shi ke tsawaita lokacin murmurewa. Ina ɗaukar wannan zargi da taka-tsantsan, domin a Ingila an haramta maganin ranar tsere, duk da haka Frankel sau 14 ya fita cikin shekaru uku.

Wannan ba ya nufin na wanke masu kiwo. Duk jinsin nan ta wajen uba yana komawa ne ga ingarmu uku da aka kai Ingila, wato Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma littafin asalinsu da aka fara a 1791 a rufe yake, baƙon jini ba ya shiga. Wani bincike da masana a Dublin suka jagoranta aka fitar a 2020, wanda ya duba ƙwayoyin halittar dawaki sama da 10,000, ya gano cewa haɗin dangi na kusa ya yi ta ƙaruwa cikin shekaru 45, kuma kashi 97 cikin ɗari na dawakin suna da jinin ingarma guda, Northern Dancer. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu kiwo na yau don gwanjo suke kiwo, mai saye kuma dukushin da zai yi gudu da wuri yake nema. Ingarman da aka janye bayan tsere 6 bai taɓa nuna ko ƙafarsa za ta jure shekara huɗu ba, amma za a baza jininsa ga 'ya'ya ɗaruruwa. A 2020 Jockey Club ta yi ƙoƙarin taƙaita barbarar kowane sabon ingarma ga goɗiya 140 a shekara, manyan gidajen kiwo suka kai ta kotu, ta janye dokar a 2022.

Game da karaya kuwa, dabba ce mai nauyin kusan kilo 500 da ke gudun kilomita 60 a awa a kan siraran ƙwauri, kuma mutuwar Eight Belles, wadda ta karya ƙafafun gaba biyu bayan ta zo ta biyu a Kentucky Derby na 2008, ita ta sa mutane da yawa suka yanke hukuncin cewa iri ya lalace. Sai dai mace-macen fili a Amurka sun ragu daga 2.00 cikin kowace fita dubu a 2009 zuwa 1.32 a 2023, ɗaya daga cikin dalilan shi ne likitocin dabbobi sun tsananta bincike, kuma duk dokin da suka hana fita yana ƙara rage ƙidayar da kuka tambaya a kai. Hutu kansa ma ba kariya ba ce kullum, domin ƙashi da aiki yake ƙarfafa, kuma bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa dawakin da suka fara tsere suna shekara 2 sukan fi daɗewa a fili.

Inda gardamar ta fi zafi yanzu shi ne Triple Crown, da ake gudanarwa cikin makonni biyar. Rich Strike a 2022 da Sovereignty a 2025 sun ci Derby, amma masu su suka ƙi kai su Preakness saboda tazarar makonni biyu ta yi musu kaɗan, har wasu na kira a sake jadawalin. Citation kuwa a 1948 ya yi wani tsere kwana huɗu kafin Derby, ya ƙara wani tsakanin Preakness da Belmont, ya kammala shekarar da nasara 19 cikin tsere 20. Wassalam.