Dokina Yana Kaɗa Kai, Bayansa Ya Yi Miki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Dokina yana kaɗa kai idan na ja kamazuru (igiyar linzami), ga miki ya fito masa a gaban baya. Ina mafita? Daga mai karatu a Mai Wurno, jihar Sinnar, ƙasar Sudan.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara sauke sirdin nan, kada ka hau shi sai mikin ya warke sarai. A riƙa wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, a kare shi daga ƙuda.

Galibi sirdin ne ya zauna a kan ƙashin tsakanin kafaɗu. Ɗora shi ba zubka (shimfiɗar ƙarƙashin sirdi), ka zura hannu ƙarƙashin kwacciyar gaba (tudun gaban sirdi): yatsu 3 su shiga a tsaye. In ba su shiga ba, a kai wa baduku ya gyara, domin tara zubka a ƙarƙashin matsattsen sirdi ƙara matsi yake yi. Majayi (ɗamarar sirdi) ya zauna kamar faɗin tafin hannu bayan ƙafar gaba, a ɗaure shi sannu a hankali. A zafin Sudan, zubkar da gumi da yashi suka bushe a jikinta tana cin fata kamar magagari, don haka a kakkaɓe ta kullum.

Linzami kuwa, wurinsa shi ne dasashin da ba haƙori, tsakanin haƙoran gaba da turame. In ya sauka yana bugun haƙori, in ya hau yana tsaga gefen baki. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai, sai a sassauta hannu. In kaɗa kan bai daina ba, likitan dabbobi ya duba kaifin turamensa.