Mahaifina ya rubuta mani gidan da muke ciki, shin ya zama nawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Katsina ne, wajen Ƙofar Marusa. Mu tara ne wurin mahaifinmu, maza uku, mata shida, ɗaki biyu. Shekara 11 ke nan ni ke riƙe da gidan: cefane, kuɗin wuta, maganin hawan jinin Baba, har ɗakuna biyu na gina a bayan gida da kuɗina. Yayyena maza ɗaya yana Kaduna, ɗaya yana Legas, sai da Sallah muke ganin su. Bara mahaifiyata ta ba Baba shawara ya rubuta mani gidan tun yana da rai, kada wahalata ta tafi a banza. Ya rubuta, mai unguwa da mutum biyu suka sa hannu. Gidan shi ne iyakar abin da ya mallaka, kuma yana ciki har yanzu da matansa biyu. 'Yan'uwana mata na ɗayan ɗakin sun ji labari, sun daina gaisawa da ni. Wani malami ya ce mani abin makaruhi ne kawai, kyauta ta zauna. Shin gidan ya halatta gare ni?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri a kan hidimar mahaifinka, ya sa ka gama da shi lafiya. Wanda aka ce wa "ta zauna" amma ya sake tambaya, zuciyarsa ce ba ta kwanta ba, kuma wannan alheri ne gare ka.

A cikin tambayarka akwai magana guda da ka faɗa a wuce, alhali hukuncin a kanta yake rataye: Baba yana cikin gidan har yanzu. A mazhabar Malik, wadda alƙalan kotunan shari'a na jihar nan suke hukunci da ita, kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya fita daga hannun mai bayarwa. Duk ɗalibin da ya karanta Risala, littafin fiƙihun mazhabar Malik, a zaure ya wuce ta wurin da Ibnu Abi Zaid ya ce kyauta da sadaka da waƙafi ba su cika sai da hauzi, idan mai bayarwa ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma gado. Ko ɗan ƙaramin yaro uba ya ba gida, riƙon da uban ke yi masa bai inganta ba matuƙar yana zaune a ciki, balle kai baligi. Takarda da sa hannun mai unguwa suna shaida cewa an furta kyauta. Ba su maye gurbin hauzi. Idan yau ta Allah ta kasance ga Baba, gidan nan gado ne, matansa biyu su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura a raba tsakaninku ku tara.

Kada ka ɗauki wannan bayani ya zama maka dabara. Na san yadda shaiɗan ke shigowa ta nan: a kama wa tsoho haya a Sabuwar Unguwa na 'yan watanni, a ce ai ya fita. Malaman mazhaba sun riga sun toshe wannan ƙofa, sun ce idan ya dawo ya zauna kafin shekara ta zagayo, hauzin ya rushe. Ko da ba su toshe ba, fitar da dattijo mai hawan jini daga ɗakin da ya tsufa a ciki don takarda ta yi ƙarfi, wannan ya cinye ladan shekara 11 ɗin da kake lissafawa.

Sai maganar malamin da ya ce makaruhi ne kawai. Bai ƙirƙira ba. Ra'ayin mafi yawan malamai ke nan, Malik da Shafi'i da Abu Hanifa, cewa daidaita 'ya'ya a kyauta mustahabbi ne. Ahmad bin Hambal da Ishaƙ da Bukhari suka ce wajibi ne. Ni na fi natsuwa da na biyun, kuma zan faɗa maka dalili, domin kalmar "makaruhi" ta zama rigar da mutane ke yafawa su cuci 'ya'yansu mata.

Asalin mas'alar hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ne, a Bukhari da Muslim. Ka lura da yadda abin ya faro: mahaifiyarsa, Amratu 'yar Rawaha, ita ta nemi mijinta ya ba ɗanta kyauta. A ruwayar Muslim, Bashir ya yi ta jan ƙafa har shekara guda kafin ya yarda. Ta ce ba za ta gamsu ba sai Manzon Allah (SAW) ya shaida. Bashir ya kama hannun yaron suka tafi. Tambaya ɗaya aka yi masa: duk 'ya'yanka ka yi musu haka? Ya ce a'a. Annabi (SAW) ya ce: "Ku ji tsoron Allah, ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku." A wani lafazin ya ce ba ya shaida a kan zalunci. Bashir ya koma gida ya janye kyautar.

Masu cewa makaruhi ne suna riƙe da lafazin da ya ce: "Ka nemi wani ya shaida maka, ba ni ba." Suka ce da haramun ne da bai tura shi wurin wani ba. To, wannan a harshenmu ma mun san irinsa. Idan ka kawo wa mahaifinka wata magana ya ce "je ka nemi wanda zai sa maka hannu, ba da ni ba," wane ɗa ne zai fita yana murna wai an ba shi izini? Wane Sahabi ne zai shaida abin da Annabi (SAW) ya kira zalunci a gabansa? Shi kansa Bashir, wanda aka yi wa maganar, bai fahimce ta a matsayin izini ba, domin bai je neman wani mai shaida ba. Umurni ya zo da "ku yi adalci", an haɗa shi da tsoron Allah, an kira saɓaninsa zalunci, an sa a mayar da kyautar. Ban san me ya rage kafin a ce abu wajibi ne ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce kyautar Sayyidina Abubakar ga Nana A'isha, wadda Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa: wasƙi 20 na dabino daga gonarsa ta Gaba kusa da Madina, kowane wasƙi sa'i 60. Ibnu Hajar, mai sharhin Bukhari, ya kawo amsar Urwatu, ɗan yayar A'isha, cewa 'yan'uwanta sun yarda da hakan. Naka kuwa sun daina gaishe ka. Sannan a karanta ƙissar har ƙarshe. Da ajali ya matso, Abubakar ya ce mata da ta riga ta yanke ta kwashe da ya zama nata, amma yau dukiyar magada ce, 'yan'uwanta maza biyu da mata biyu. Ta ce ai Asma'u kaɗai ta sani, wace ce ɗayar? Ya ce cikin da ke jikin matarsa, yana zaton mace ce. Mutumin da ake kafa hujja da shi don a fifita ɗa guda, ga shi a kan shimfiɗar mutuwa yana tsare haƙƙin jaririyar da ba a haifa ba.

Ko a kan maganar Risala ma, abin da ta sassauta shi ne uba ya ba wani ɗa wani yanki na dukiyarsa. Bayar da ita gaba ɗaya shi ne ta ƙi, kuma kai da bakinka ka ce gidan ne iyakar abin da ya mallaka. Wannan bai da maraba da hana mutum takwas da mata biyu gadon da Allah ya yanka musu da kansa a suratun Nisa'i.

Ciyar da ɗa marar lafiya, ko biyan kuɗin makarantar mai karatu, ko kayan ɗakin wadda za a aurar, wannan buƙata ce, ba a cewa sai an daidaita.

Haƙƙinka bai faɗi ba. Ɗakuna biyun da ka gina da kuɗinka, idan ba da niyyar kyauta ga Baba ka yi su ba, naka ne. A kira magini ko dillalin da kowa ya amince da shi ya ƙiyasta, a rubuta, yayyenka da 'yan'uwanka mata su sani tun yanzu. Cefane da magani kuwa, idan ka yi su don biyayya, ladansu yana wurin Allah, ba a dawowa daga baya a mayar da su bashi. Abin da kake da damar yi shi ne ka kira na Kaduna da na Legas ka ce daga wannan wata kowa ya kawo nasa, domin ciyar da uba mabuƙaci yana kan duk ɗan da ke da hali.

Na taɓa zama wurin wani rabon gado a cikin birnin nan. Ba a gama naɗe tabarmin zaman makoki ba, sai babban ɗa ya zaro takarda daga aljihun gaban rigarsa, an naɗe ta cikin leda. Wata ƙanwarsa da ke zaune bakin ƙofar zaure, goye da yaro, ta karɓa ta duba sa hannun, ta ce: "Hannun Baba ne." Ta miƙa masa, ta gyara goyonta ta fita. Ba ta kai ƙara ba, ba ta zagi kowa ba. Daga baya na ji ko bikin 'yarsa ba ta taka ba. Abin da ya fi tsaya mani a rai, addu'ar da mamacin yake buƙata daga bakinta, da wace zuciya za ta yi ta?

Kai Allah ya rufa maka asiri, mahaifinka yana da rai da hankalinsa, kuma shari'a ta ba uba damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa matuƙar ɗan bai yi aure ko ya ci bashi a kanta ba, bai kuma sauya ta ba. Mafi kyau ma kai ka mayar da kanka. Mahaifiyarka tausayinka ne ya sa ta, kada ka ɗaga mata murya, kada kuma ka bari maganar ta koma rigimar kishiyoyi. Ka fara samun ta ita kaɗai, ka ba ta labarin Amratu, Sahabiya ce ita ma ta so wa ɗanta abin da take so maka. Sannan ka nemi baffanka ko wani aminin Baba ku shiga wurinsa bayan sallar asuba, lokacin da gida bai tashi ba, ku yi maganar a hankali saboda jikinsa. Idan ya amince, a kira mai unguwa da shaidun nan biyu a warware a gabansu, a yaga takardar, kuma babbar cikin 'yan'uwanka mata ta kasance a wurin ta gani da idonta.

Wallahu a'alam.