Ba Kowane Garin Magani Ake Damawa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi maganin ƙwari na gari, na dama shi na zuba a famfon feshi, sai bakin famfon ya toshe, garin kuma ya kwanta a gindin tanki. Mai shagon ya ce duk gari ɗaya ne. Shin haka ne? Daga wani manomi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maganar mai shagon ba daidai ba ce, kuma haruffa biyun da ke bin sunan magani a jikin leda sun isa su raba gardama. Idan ka ga DP, to hoda ce ta barbaɗawa, wadda mafi yawanta garin dutse ne ko yumɓu, gubar cikinta kuwa kaɗan ce, kamar Actellic da ake cuɗawa da hatsi kafin a zuba a buhu. Irin wannan ba a yi ta don ruwa ba, kuma ina kyautata zaton ita ka dama.

Mai WP shi ne garin feshi, irin su Mancozeb mai kashi 80 cikin 100 da ake fesa wa tumatir da dankali saboda cutar ganye. Sai dai shi ma ba narkewa yake yi ba, yawo yake yi cikin ruwa kamar ƙullun koko, da zarar an bar shi sai ya kwanta. Saboda haka a fara kwaɓa shi da ruwa kaɗan a wani mazubi da aka keɓe, a tace cikin tanki, sannan a riƙa girgizawa ana tafiya, in ba haka ba kunyoyin farko su sha magani fiye da kima, na ƙarshe su sami ruwa zalla. Mai WG aikinsu ɗaya, amma an dunƙule shi kamar tsaki, don haka ba ya tashi ya shiga hanci lokacin awo, kuma ni na fi son sa saboda wannan. Mai GR kuwa a bushe ake watsa shi a ƙasa ko a kunnen masara, danshi ya riƙa sakin gubar a hankali. A rufe shi da ƙasa inda kaji da zabi ke kiwo, domin tsincewa suke yi.

Game da ajiyar amfanin gona bayan kaka kuwa, sai in ja kunne a kan ƙwayar Phostoxin da ake kira bom, wadda ake sawa cikin hatsi ko wake don kashe ƙwari. Ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na iskar guba idan ta sha danshi, iskar da ke kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaron wake. A naɗe ta a takarda, a sa cikin hatsin a mazubin da iska ba ta fita, kuma kada a ajiye mazubin a ɗakin kwana ko ɗakin da ke jingine da shi.