An kore ni ina da juna biyu, ban gama watannin gwaji ba: amsa ga 'yar'uwa da ke Jamus

Wata 'yar'uwa da ke aiki a gidan kula da tsofaffi a Jamus ta rubuto tana cewa an ɗauke ta da sharaɗin gwaji na wata shida, kuma a wata na huɗu aka miƙa mata takardar sallama. Tana da cikin da bai kai wata uku ba, kuma ba ta gaya wa kowa a wurin aiki ba, domin cikin fari ne, kuma mahaifiyarta ta gargaɗe ta da kada ta riƙa faɗa kafin ya fito. Abokan aikinta sun ce mata mai gwaji ba shi da bakin magana, ita kuwa tana tsoron kada takardar zamanta ta tafi tare da aikin.

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Abin da abokan aikinki suka gaya miki gaskiya ne ga yawancin ma'aikata, amma bai shafe ki ba. A Jamus ana iya sallamar mai gwaji da sanarwar mako biyu kawai, ba tare da an faɗi dalili ba, domin babbar dokar kare ma'aikata daga kora ba ta fara aiki sai mutum ya wuce wata shida. Mai juna biyu kuwa wata doka ce dabam take kare ta, wato Mutterschutzgesetz, wadda sashe na 17 nata ya haramta sallamar mace tun daga farkon ciki har zuwa wata huɗu bayan haihuwa. Wannan kariya ba ta jiran wata shida, ba ta duban girman kamfani, ba ta kuma tambayar ƙasar da ma'aikaciya ta fito. Hanya ɗaya da ta rage wa mai ba da aiki ita ce ya nemi izinin hukumar jiha mai kula da lafiyar ma'aikata tun kafin ya yi sallamar, kuma ba a ba da izinin sai da dalili mai ƙarfi wanda bai shafi cikin ba, kamar rufe wurin aikin baki ɗaya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne lokaci, domin wa'adi biyu ne suke gudu tun ranar da takardar ta shiga hannunki. Na farko mako biyu ne. Tun da ba su san da cikin ba lokacin da suka sallame ki, doka ta ba ki mako biyu ki sanar da su, kuma da zarar kin yi haka, sallamar ta zama haramtacciya kamar da saninsu suka yi ta. Na san nauyin da cikin fari yake da shi a wurinmu, kuma gargaɗin mahaifiyarki na ƙauna ne, sai dai a wannan hali shirun da kunya take so shi ne zai raba ki da aikinki da albashinki. Ba a nemi ki yi shela ba, rubutu ne na layi biyu zuwa ga mai ba da aiki, inda za ki ce kina da juna biyu tun kafin ranar da takardar ta iso gare ki. Ki haɗa da shaidar likita ko ungozoma mai ɗauke da ranar da ake sa ran haihuwa, domin kotuna daga wannan rana suke ƙirga kwana 280 baya su gane farkon cikin. Ki kai takardar da hannunki tare da mai shaida, ko ki aika ta wasiƙa mai rajista ki adana rasit, domin faɗa da baki a kan hanya abu ne da ake iya musantawa gobe.

Wa'adi na biyu mako uku ne, kuma a nan ne mata da yawa suke yin asara. Sanar da mai ba da aiki ba ya soke sallamar da kansa. Dole ki shigar da ƙara a kotun ma'aikata, wato Arbeitsgericht, cikin mako uku daga ranar da kika karɓi takardar, in ba haka ba doka za ta ɗauki sallamar a matsayin ingantacciya, ko da tun asali haramtacciya ce. Idan shugabarki ta ce ki dakata za su duba maganar, ki gode mata, ki kuma shigar da ƙararki, domin alkawarin baki ba ya tsayar da wa'adi. Ba sai da lauya ba: a kowace irin wannan kotu akwai ofishin da ake kira Rechtsantragstelle, inda ma'aikaci zai rubuta miki ƙarar kyauta idan kin je da kwantiragi da takardar sallama da shaidar likita. Idan kin ɗauki lauya, ki sani cewa a matakin farko kowane ɓangare shi yake biyan nasa ko da ya yi nasara, amma mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin shari'a, kuma ƙungiyar ƙwadago tana tsaya wa 'ya'yanta. Akwai kuma cibiyoyin Faire Integration da suke ba baƙin da ba 'yan Tarayyar Turai ba shawara kyauta a kan haƙƙin aiki.

Kada ki sa hannu a kan kowace takarda da za su kawo miki da sunan rabuwa cikin lalama, wadda suke kira Aufhebungsvertrag, kuma kada ki rubuta cewa kin ajiye aiki da kanki. Doka tana kare ki daga kora ne, ba ta kare ki daga abin da kika amince da shi da hannunki, sannan yin haka yana iya jawo a dakatar miki da kuɗin rashin aiki har mako 12. Kada ki bari a tsorata ki da cewa kin ɓoye ciki lokacin ɗaukar aiki, domin mai ba da aiki ba shi da hurumin yin wannan tambaya tun farko.

Ki sake karanta kwantiraginki da kyau. Idan aiki ne na dindindin da aka sa wa watannin gwaji a farkonsa, duk abin da na faɗa ya tsaya daram. Idan kuwa an rubuta ranar da kwantiragin zai ƙare, to ba za a iya korarki kafin ranar ba, amma idan ta zo zai ƙare da kansa, ciki ba ya tsawaita shi.

Game da takardar zama, ba ta mutuwa a ranar da aka sallame ki. Idan saboda wannan aiki aka ba ki ita, wajibi ne ki sanar da ofishin baƙi, Ausländerbehörde, cikin mako biyu, kuma ki haɗa musu da shaidar cewa kina da juna biyu kuma kin kai ƙara, domin su san cewa maganar aikin ba ta ƙare ba. Haka nan ki yi rajistar neman aiki a hukumar samar da aiki ta gwamnati, Agentur für Arbeit, cikin kwana uku da samun labarin sallamar, ko kuma nan take idan kwanakin sun wuce, domin yin hakan ba ya nufin kin yarda da korar.

Idan kotu ta rushe sallamar, aikinki yana nan kamar ba a taɓa shi ba, za a biya ki albashin da aka riƙe, kuma za ki sami hutun mako shida kafin haihuwa da mako takwas bayanta tare da kuɗinki. A zaman sulhu na farko za a iya yi miki tayin kuɗi domin ki haƙura da aikin, kuma shawarata ita ce kada ki amsa a wurin sai kin lissafa albashin watannin da suka rage da na hutun haihuwa, kin kuma tambayi mai ba da shawara yadda rabuwar za ta shafi takardar zamanki da inshorar lafiyarki.